Yadda Na Je Nema wa Habu Auren Makaranta

Tun da na dawo daga Kudu ban sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci, tambaya. In na zauna a kasuwar Sara, tambaya. Jiya har wani ya tsayar da kekensa a tsakiyar hanya yana ce mini wai da gaske ne na shiga jarrabawa da yara na faɗi. To ban faɗi ba, kuma ba jarrabawa ba ce. Na gaji da maimaitawa, kowa in ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, saboda haka ga shi na rubuta da hannuna. Wanda bai yi yaƙi da jahilci ba ya nemi mai karanta masa, ni dai a ƙyale ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Tanko, wanda ake ce wa Wakili. Ba sarauta ba ce, aiki ne ya ba ni sunan. Duk auren da za a ƙulla a danginmu, daga Sara har Fagam, ni ake turawa bincike, ni ke kai goro, ni ke karɓar aure. In ban da guda biyu, waɗanda ba laifina ba ne, duk suna nan zaune lafiya.

Habu ɗan wana ne, Yaya Audu, kuma ɗan fari. Kun san halinmu: uban ba ya kama sunansa, uwar ba ta ko kallonsa a gaban mutane, don haka duk wata maganarsa a kaina take sauka. Ya gama sakandare a Birnin Kudu, ya ce shi sai karatun kimiyyar sarrafa abinci. Su ne masu sa tumatir a gwangwani ya shekara bai ruɓe ba, su mai da madara gari. Wani malaminsa ya taya shi rubuta wa makarantu uku, duka ukun suka ce ya zo.

Yaya Audu ya kira ni zaure ya ce, "Tanko, yaron nan ya kafe. Na sayar da sa ɗaya, ɗayan kuwa ba mai taɓa shi. In akwai makarantar kirki da kuɗin sa ɗaya zai riƙe shi, ka bar shi can, abin da ka yanke shi ke nan. In babu, ku dawo kafin ruwa ya sauka. An yi masa alkawarin aikin awon hatsi a Gwaram, ya je ya kama, a daina maganar."

Na ce, "Yaya, ai ka kawo aiki inda ya dace." Domin ni a ganina makaranta da gidan surukai duk abu ɗaya ne. Za ka ɗauki ɗanka ka danƙa wa mutanen da ba ka sani ba, su ci da shi, su gyara shi ko su lalata shi. Saboda haka na shirya kamar yadda na saba: ƙwaryar goro mai kyau, an naɗe a ganye an ɗaure, da ƙullin gishiri. Na kuma gaya wa Habu dokokina. Ba a tambayar gida halinsa, maƙwabta ake tambaya. Gidan da kowa ke yabo, a guje shi. Sannan mai nema ba ya zuwa wurin nema, wakilinsa ke zuwa.

Ya ce, "To, Baffa." Tun yana ƙarami iyakar abin da nake ji daga bakinsa ke nan.

Matsala ta farko a gida na ɗauko ta. Matata Kande ta ɗinke mini kuɗin san da aka sayar a cikin ƙugun wando saboda ɓarayin tasha, tana ɗinkin ina sanye da shi don sauri. Ashe ta haɗa har da zariyar ta ɗinke tam. Ban sani ba sai da muka hau motar dawa daga Sara, na sha furar da aka ba ni guzuri, hanya kuma ta yi ta jijjiga ni a kan buhu. Muna sauka Birnin Kudu na nufi bayan tasha, na ja zariya, ta ce ba ta san zance ba. Na ja, na murɗa, na yi addu'a. Ƙarshenta sai da na je wurin wani tela na tsaya masa a tsaye, na ɗage riga har ƙirji, yana farke ni da reza yana tambayata wai wa ya yi wannan aiki, yana son ya ɗauke shi almajiri. Na ce masa ya yi sauri ko mu duka mu yi nadama. Habu yana tsaye ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Na ce lafiya? Ya ce tari ne.

Daga Birnin Kudu muka shiga Kano. Daga nan kuma ba zan ƙara faɗar sunan gari ba, balle na makaranta. Mai bincike ba ya tona asirin gidan da bai aura ba.

Makaranta ta farko na bar Habu a tasha da kaya na tafi ni kaɗai. A kan bene take, sama da shagon sayar da taya, allon sunanta ya fi ƙofarta girma. Na zauna wurin mai shayin da ke kallonta, na sa aka haɗa mini, na fara zagaye-zagaye, kamar wanda bai damu ba. Kafin in rufe baki mutumin nan ya hau yabo. Wai duk ƙasar nan babu kamarta, wai Turawa ma suna rubuto wasiƙa suna roƙon a ɗauki 'ya'yansu. Na ce a raina, to fa. Na tsallaka wurin wani mai facin keke na ba shi goro ɗaya daga na aljihu, ba na ƙwarya ba.

Ya ce, "Wace? Ta sama? Bara ai ta koyon keken rubutu ce. Bara waccan kuma ta koyon tuƙi ce, ga motar can a bayan gida, ba inji, ɗalibai ke turawa. Mai shayin nan da ka sha nasa ƙanen mai makarantar ne."

Don kada a ce na yi zalunci, na hau. Mai makarantar ya tarbe ni da kwat da lakataye a wuya cikin zafin nan, yana ta gumi. Ya nuna mini ɗakin gwaji. Abin da na gani risho ɗaya ne, da tukunya, da hoton wani ƙaton inji da aka yanko daga kalanda aka manna a bango. Na ce ina injin? Ya ce yana cikin jirgin ruwa a Ikko, layi ake bi. Na ce ina ɗalibai? Ya ce sun tafi hutu. Na ce ina malamai? Ya ce sun raka su. Kuɗinsa kuwa araha, har ya ce in da hali in ba da rabi yanzu zai rage mini. Duk maganar nan da yake idonsa na kan ƙwaryar goron. Na matse ta a hammata na ce masa za mu yi shawara, na sauko.

Sai jirgin ƙasa. Wanda bai taɓa shiga ba, kada ya yarda a ruɗe shi da cewa hutu ne. Mun samu wuri kusa da wata tsohuwa mai kwandon zabi, da wani ɗan kasuwa da ya ci ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata ta hanyar sayar musu da rediyo, yana da guda uku a jikinsa, kowace da tasharta. Duk inda jirgi ya tsaya sai mata su taso da dafaffen ƙwai da rake da doya, kana miƙa hannu ta taga jirgi ya ja. Na biya kuɗin ƙwai, ƙwai bai zo ba. A tasha ta gaba ƙwai ya zo, ban kai ga biya ba. Na tambayi wani malami da ke wurin hukuncin wannan, ya ce a ganinsa ban fita haƙƙin mai ƙwai ba, sai dai in na dawo ta hanyar.

Makaranta ta biyu kam makaranta ce, ba wasa. Gine-gine, ciyawa a share, hayaƙi na fita ta bututu. Na bar Habu a gidan wani mutumin Kwandiko, ta wajenmu, da ke gadi a garin, na je na fara zagayen katanga ina neman wanda zan tambaya. Ban ankara ba wasu 'yan mata biyu da fararen riguna suka tare ni, ɗaya ta ce da Hausa, "Baba, don Allah zo ka taimake mu, mutum ɗaya ya rage mana." Na zaci wani ne ya faɗi za a ɗauka. Sai ga ni an zaunar da ni a wani ɗan akurki, katako dama, katako hagu, ga 'yar taga a gabana. Taga ta buɗe, hannu ya turo faranti da biskit uku, da kofin ruwa, da wani kwano babu komai a ciki.

Yarinyar ta ce biskit ɗin da garin dawa suka yi, suna so in ɗanɗana kowanne in faɗi wanda ya fi da wanda ya gaza. Na yi bismilla na cinye ukun, na sha ruwa, na yi hamdala.

Ta ce, "Baba, ba haka ake ba. Gutsira za ka yi, ka tauna, ka tofar a kwanon nan, ka kurkure baki, sannan ka ɗauki na gaba."

Na ce, "In tofar da me?"

"Da biskit ɗin."

Na ce mata, 'yata, ni daga ƙasar da aka yi fari shekarun nan na fito. Abincin da ya shiga bakina ba ya dawowa sai in ciwo ne. Suka sake kawo uku, na sake cinyewa. Ta ce to shi ke nan, wanne ya fi? Na ce duka sun yi daɗi, Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi. Ta ce dole akwai wanda ya gaza. Na ce ni ban taɓa cin abincin mutane a gidansu in kushe ba, ba kuma a kanta zan fara ba. Gaskiya na tsakiyan kamar an toya shi da ƙasar gini, amma wannan tsakanina da ku ne. Na ga tana rubuta wani abu a takarda tana cije leɓe, suka sallame ni.

Amfanin shigar dai shi ne na samu labari. Karatu akwai, kaya akwai, amma ba su da wurin kwanan ɗalibai sai na waɗanda kamfani ya turo. Saura kowa ya nemi haya a gari. Garin kuwa kuɗin man fetur ya haukata shi. Mai gadin nan da muka sauka wurinsa ya kai ni na ga ɗakin da ake bayarwa, wanda ko akuyata ba zan ɗaure a ciki ba, aka faɗi kuɗinsa. Na lissafa na ga san Yaya Audu zai ƙare tun daga ƙaho har wutsiya kafin Habu ya ga jarrabawar farko, bai ci ba bai sha ba.

Na koma na gaya masa. Ya ce, "To, Baffa." Amma ranar bai taɓa tuwo ba. Da la'asar kuma na ga hadari ya ɗan taso ta gabas. Na san in ya fara a nan, ba zai daɗe ba ya isa gida. Makaranta ɗaya ta rage mana, ita ce mafi nisa, can ƙetaren Kwara a ƙasar Yarbawa.

Motar albasa muka samu. Ba zan ce komai a kanta ba sai dai har yau in na sa babbar rigar nan Kande na cewa in fita waje. A bakin gadar Kwara sojoji suka tsayar da mu, kowa ya sauko da kayansa. Wani kofur, da ganinsa ɗan Arewa ne, ya nuna ƙunshina da bakin bindiga ya ce mene ne. Na ce goro. Ya ce daga ina? Na ce daga Sara. Ya ce zuwa ina? Na ce Kudu.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya kira abokan aikinsa ya ce su zo su ga mutumin da ke mayar da goro gida. Suka taru suna dariya, direba na dariya, har fasinjojin da ba su jin Hausa aka fassara musu suka yi tasu daga baya. Kofur ya ce, "Baba, ko bai yi ba ne za ka mayar musu?" Na ce masa goron neman aure ne, kuma goron nema daga gidan mai nema yake fitowa ko da a gindin bishiyar goro amarya take. Ya ce wa za a aura? Na ce makaranta. Ya ce wa direba ya kwashe mu mu tafi, rana ta yi wa tsohon nan yawa.

Mun sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji Mamman, falken goro ne mutumin Kano, ya shekara da yawa a can. Shi ma da ya ga ƙwaryar sai da ya zauna don dariya, ya kwance ya duba ya ce ya ma san gonar. Mutumin kirki ne, ya ba mu ɗaki da tabarma. Abinci ne dai muka sha bamban. An kawo mana wani tuwo baƙi mai santsi, na ce wa Habu a hankali ya duba ko ƙonewa ya yi, Alhaji ya ce haka yake, garin busasshiyar doya ne. Miyar kuwa, loma ɗaya na kai na ji kunnuwana sun buɗe, hawaye na zuba, hanci na zuba. Matar gidan ta leƙo ta ce ko akwai abin da ya dame ni, na ce babu, gida na tuna. Abin da ya burge ni da mutanen can shi ne gaisuwa. Saurayi da gemunsa zai ga babba ya zube rub da ciki a ƙasa, ko da taɓo. Na ce wa Habu ya gani, mu durƙuso kawai muke nema a wurinku kuna yi mana rabi.

Washegari na fita bincike, Alhaji ya haɗa ni da wani dattijo mai jin harsunan biyu. Nan ne hankalina ya fara kwanciya, domin ba wanda ya yabi makarantar. Mai burodin bakin ƙofa ya ce mutanen banza ne, suna gasa nasu a ciki suna karya masa kasuwa. Mai wanki ya ce ya tsani fararen rigunansu, kullum manja da ruwan tumatir, sabulunsa ke ƙarewa. Wata mai gida a bayan katanga ta ce injinsu ba ya barin ta ta yi barcin rana. Na ce madalla, gidan da ake aiki ke nan. Na gwamnati ce, akwai ɗakin kwana, akwai abinci, kuma wani ɗan Zariya da ke karatu a ciki ya tabbatar mini in an ɗauki yaro jiharsa ke biyan kuɗin karatun. Abin da ya rage, sabulu da littafi da kuɗin mota, sa ɗaya zai ja shi har ya gama in bai koyi shan taba ba. Sai dai ya ce gobe ne rana ta ƙarshe ta ganawa da masu nema, kuma gurbi kaɗan ya rage.

Da safe na yi wanka, na naɗa rawani, na ɗauki goro da gishiri. Na ga Habu ya sa farar riga ya goge takalmi.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Baffa, a takardar sun ce ni zan je."

Na ce, "Kowane gida haka suke cewa. Wane ango ka taɓa gani ya je neman aurensa da bakinsa? So kake a ce ba ka da kowa? Zauna nan."

Ya koma ya zauna. Ya ce, "To, Baffa."

Na tarar da yara a jere kan benci a baranda, kowa da takardu a hannu, ba wanda ya zo da babba. Na ji tausayinsu, na ce a raina dubi 'ya'yan mutane kamar marayu. Na zauna a tsakiyarsu da ƙwaryata a cinya. Ana kira ɗaya-ɗaya, har aka ce, "Habu Audu." Na miƙe na gyara riga na shiga da sallama.

Mutum uku ne a bayan tebur: wani dattijo Bayarabe mai tabarau, da wani Ba'indiye, da wata mace mai farar riga. Dattijon ya dubi takarda, ya dube ni, ya sake duban takarda. Ba'indiyen ya cire tabarau ɗinsa ya goge. Ni kuwa na durƙusa na ajiye goro da gishiri a gaban tebur, na fara yadda aka saba. Na ce mun zo ne da alheri, mun ga gidanku mun yaba, mun yi tambaya mun ji asali, ɗanmu yana so, in ba a yi wa wani alkawari ba muna neman iri.

Sai macen ta ce, da Hausa tsantsa kamar a bakin kasuwar Kurmi aka yanke mata cibiya, "Baba, sannu da zuwa. Kai ne wa?" Ashe a Kano aka haife ta, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne.

Na ce ni ne baffansa, kuma wakilinsa. Ta juya ta yi wa sauran bayani da Turanci. Dattijon ya kifa kai a tebur, Ba'indiyen ya tashi ya je taga ya tsaya. Ita kaɗai ta daure. Ta ce, "To Baba, mun ji, mun kuma gode. Tun da kai ne bakinsa, ga tambaya ɗaya da muke yi wa kowa. Me ya sa yake son wannan karatu?"

Na ce yaro ne mai ladabi, ba ya shaye-shaye, kakansa limami ne.

Ta ce, "Ban musa ba. Me ya sa yake son karatun?"

Na ce malaminsa ne ya ga ya dace.

"Shi fa? Me ya ce?"

Jama'a, na yi neman aure ya fi a ƙirga, ba a taɓa ƙure ni ba sai ranar. Na laluba kaina kaf ban samu komai ba. Mun kwana a mota tare, mun ci a kwano ɗaya tun daga Sara, ban san amsar ba. Na ce mata a wurinmu ba a tambayar yaro irin wannan.

Ta ce, "A gidan nan kuwa amarya ce ke son ganin ango, ta ji muryarsa. In ya zo kafin mu tashi da la'asar, za mu saurare shi. In bai zo ba, akwai masu jira a waje."

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Na tare tasi na ce Sabo, na faɗa, ƙofa ta cije mini rabin riga, haka muka ratsa gari tana kaɗawa a waje mutane na nuna mu. Na shiga gidan Alhaji ina haki. Habu yana nan inda na bar shi, a bakin tabarma, da farar rigarsa, takardu a kan gwiwa, takalmi a ƙafa. Ko kwanciya bai yi ba. Na ce, "Tashi, sun ce suna son su gan ka. Wata al'ada ce tasu." Ya riga ni kaiwa ƙofa.

Mun isa saura yaro ɗaya a benci. Da aka kira Habu na bi shi, masinja ya tare ni ya ce ɗaya-ɗaya. To ni ba a haife ni don in zauna a baranda ana yanke maganar ɗana ba. Na zagaya baya, na samu wata tukunyar fure na taka, na kama ƙarfen taga. Habu ya ba ni baya, ba ya ganina.

Turanci suke yi, ban ji ko ɗaya ba. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne muryar. Yaron nan magana yake yi, doguwa, yana ɗaga hannu, Ba'indiye na jefa masa tambaya yana mayarwa. Ban taɓa sanin haka muryarsa take ba. Can sai matar ta ɗaga ido muka haɗa ido. Ban sauka ba, ita ma ba ta tona ni ba. Sai ta ce masa, "Wannan ta ƙarshen, maimaita mini da Hausa, na fi jin ta a haka. Me ya sa kake son karatun nan?"

Ya ce, "Shekarar da ta gabaci fari, kawunnaina a fadamar Kwandiko sun yi tumatir har ya rasa mai saye. Ni na taya su zubarwa a rami, jakuna ma sun ƙi ci. Da shekara ta juyo, a gidanmu ruwa da kuka ake kaɗawa. Innata takan zuba mana ta ce ita ta ci a madafa. Ni kuwa na ga tukunyar, na san ba ta ci ba. Ba ta yi mini magana, ni ma ba na yi mata, haka muka taso. Amma tun ranar na ce sai na koyi yadda ake ajiye abin shekarar ƙoshi ya kai shekarar yunwa."

A wannan lokacin ne tukunyar furen ta fashe. Na tafi da baya, rawani ya yi nasa wuri, ni na yi nawa. Abin da wasu ke cewa na faɗi ke nan, to ga yadda aka yi.

Sun ɗauke shi. Dattijon da kansa ya fito ya ba ni hannu, ya ce a gaya mini bai taɓa ganin irina ba, na ce a gaya masa na gode. Goron kuwa sun karɓa, na ga masinja na rabawa a ofis-ofis, har Ba'indiyen ya gutsira ya yamutsa fuska. Saboda haka masu cewa wai na kusa jawo wa yaro asara su je su yi ta faɗa. Yara nawa suka zauna a bencin nan ba goro aka sallame su? Ba wanda zai gaya mini goron nan bai yi aiki ba.

Da yake karatu ya kusa farawa, na ga ba amfanin ya biyo ni gida ya sake dawowa. Na sa Habu da kansa ya farke sauran ɗinkin Kande, na danƙa amanar a hannun Alhaji Mamman, ya ce zai riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kuma duk Juma'a ya zo ya ci tuwon gida. Habu ya raka ni tasha ya ɗora mini jaka. Na yi masa nasihar da ake yi, ya riƙe salla, ya kiyayi mutane, ya rage barkono. Na jira in ji "To, Baffa." Sai ya ce, "Baffa, in ka je ka ce wa Inna ta riƙa cin abinci."

Na iso Sara an yi ruwan farko, ana shuka. Na ba Yaya Audu labari a zaure, ya ce madalla, ya tashi ya tafi gona kamar ba ɗansa ake magana ba. Da na shiga cikin gida gaida matarsa, tana bakin murhu ta ba ni baya. Ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi ko Kudu ana ruwa. Ta tambayi komai ban da shi. Har na juya zan fita, sai ta ce, ba ta waiwayo ba, "Da za ku rabu, an yi kuka?"

Na ce mata shi bai yi ba. Ni na yi, tun daga tasha har muka ƙetare gada, ina cewa albasar rigata ce. Sannan na ba ta saƙonsa yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta daɗe tana juya tuwon da ya riga ya tuƙu. Can ta jawo ƙaramar akushi ta zuba, ta zauna a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan, ta ci har ta cinye.